Nasiha ga Iyaye a kan Raɗa wa 'Ya'ya Mata Suna

Da sunan Allah nake farawa, gare shi nake neman taimako. Godiya ta tabbata ga Allah, wanda kyautar haihuwa take a hannunsa, mace ko namiji, babu mai zaɓa wa kansa. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Muhammadu, uban Zainabu da Rukayya da Ummu Kulsum da Faɗimatu, da alayensa, da sahabbansa, da matansa iyayen muminai, da waɗanda suka bi su da kyautatawa har ranar sakamako.

Amma bayan haka, ku sani ya 'yan'uwa, jama'a daga Gaya da Kademi da Ajingi da Toranke da ƙauyukan da ke tsakaninsu sun yawaita tambayata a kan sunayen 'ya'ya mata: ina asalinsu, mece ce ma'anarsu, wanne ya fi kyau a raɗa. Ni bawa ne mai rauni, almajirin malamai, tsufa ya kama ni a gindin allo. Sai na ga ya kamata in tattara abin da na ji daga malamaina da abin da na gani cikin littattafai, ya zama tunatarwa gare ni da ku. Gaba ɗayan maganar ita ce, suna amana ne a wuyan uba. Wajibi ne ya san ma'anar abin da zai raɗa wa 'yarsa, ya san wadda ta ci sunanta, sa'an nan ya tsare mata shi kada ya ɓace.

Fasali na farko, cikin hakkin jaririya ranar suna

Ku sani, Allah ya zargi mutanen jahiliyya cikin Suratun Nahli saboda ɓata fuska da suke yi in an yi musu albishir da haihuwar mace. Wannan ɗabi'a ba ta ƙare ba. Har yau akwai wanda in an ce masa mace ce, sai ya rage goro, ya rage dabino, ya nemi 'yar ƙaramar akuya, ko ya ce a jira kaka. In kuwa namiji ne, rago tun daga nesa ake jin kukansa. Wanda ya aikata haka ya duba zuciyarsa, domin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, zuriyarsa ta hanyar Faɗimatu ta wanzu, kuma ya yi bushara da tsari daga wuta ga wanda ya riƙi 'ya'ya mata ya kyautata musu.

A mazhabar Imamu Malik, wadda ƙasarmu take kanta, dabba ɗaya ake yanka wa abin haihuwa, mace da namiji daidai, mai shekaru da lafiya irin ta layya. Cikin Muwaɗɗa an kawo cewa Abdullahi ɗan Umar haka yake yi wa 'ya'yansa maza da mata, ɗaya ɗaya. An kuma kawo cewa Nana Faɗimatu ta auna gashin Hasan da Husaini da Zainabu da Ummu Kulsum, ta yi sadaka da azurfa gwargwadon nauyinsa, ba ta bambanta mata da maza ba. Wasu mazhabobi sun ce biyu ga namiji, suna da hujjarsu, amma babu malamin da ya ce a wulaƙanta yankan mace. Mai Risala, Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani, wanda ya rasu shekara ta 386 bayan hijira, ya bayyana cewa rana ta bakwai ake yanka, kuma ba a lissafa yinin da aka yi haihuwa. Shi ya sa wadda aka haifa Litinin da hantsi, Litinin mai zagayowa ake sunanta. Wanda ba shi da iko, babu laifi a kansa, kada ya ci bashi don idon mutane. Suna kuwa ba ya faɗuwa don rashin rago.

Fasali na biyu, cikin sunayen da suka fi yawa a cikinmu da ma'anoninsu

Duk wanda ya zauna da allunan yara mata a ƙasar nan ya san in ya kira A'isha ko Faɗimatu, ba kai ɗaya ne zai ɗago ba. Bayansu sai Hadiza da Maryamu da Zainabu da Hauwa'u da Amina. Dalilin yawansu ƙauna ce ga gidan Annabi, kuma wannan ƙauna abin yabo ce.

Hadiza, asalinsa Khadijatu, da ha mai ruwa ake rubuta shi. Ma'anarsa a lugga wadda aka haifa kafin watanninta su cika, wato bakwaini. Dubi yadda mai suna ta ɗaukaka suna: ita ce farkon wadda ta yi imani, ta ciyar da dukiyarta, ta rasu shekara 3 kafin hijira. Ana ce mata Alkubra, babba, daga nan Kubura ta fito. Dije da Dija duk ita ce.

Faɗimatu daga kalmar yaye yake. Ita ce autar 'ya'yan Annabi mata, matar Sayyidina Aliyu, ta rasu wata 6 bayan mahaifinta, shekara ta 11 bayan hijira. Laƙabinta Zahra'u, mai haske, da Batulu, wadda ta yanke zuwa ga bautar Allah. Binta kuwa daga bintu ne, wato 'ya, ana nufin 'yar Manzo. To, Binta da Zara da Batula da Fati da Fatsuma, gida ɗaya suka fito.

A'ishatu ma'anarsa mai rayuwa. 'Yar Sayyidina Abubakar ce, manyan sahabbai suna zuwa ƙofarta neman fatawa, ta rasu shekara ta 58. Mu muna ce mata Indo, da A'i, da Shatu, da Humaira. Yayarta ita ce Asma'u, wadda ta raba ɗamararta biyu ta ɗaure guzurin hijira, ta rayu kusan shekara 100, ta rasu shekara ta 73.

Zainabu, malaman lugga sun ce sunan wata itaciya ce mai kyan gani mai ƙanshi. Sunan babbar 'yar Annabi ne, da biyu daga matansa. Alkunyarta a wurinmu Abu.

Hafsatu ɗiyar zaki ce a lugga. 'Yar Sayyidina Umar ce, a ɗakinta aka ajiye takardun Alƙur'ani da aka tattara zamanin Abubakar, daga gare ta Sayyidina Usmanu ya aro su aka kwafi mus'hafai. Hansatu da Hansai ita ake nufi.

Maryamu ba kalmar Larabci ba ce a asali, daga harshen Bani Isra'ila take. Ita kaɗai ce macen da Allah ya ambata da sunanta cikin Alƙur'ani, kuma sura ta 19 da sunanta ake kiranta. Mairo da Mairamu duk ita ce. Hauwa'u kuwa uwar 'yan Adam, an danganta sunanta da rai. Sunan bai zo cikin Alƙur'ani ba, cikin hadisi ya zo. Muna ce mata Kulu, muna ce mata Jidda ko Maijidda saboda labarin da ya shahara cewa kabarinta a Jidda yake. Haka Bilkisu, sarauniyar Saba'i, masu tafsiri ne suka kawo sunanta, mu kuma muka yi mata kirari da mai gadon zinari.

Halimatu mai haƙuri ce, ita ta shayar da Annabi, daga ƙabilar Banu Sa'ad take, shi ya sa ake ce mata Sa'adiyya. Safiya zaɓaɓɓiya. Maimuna mai albarka. Sumayya ita ce farkon wadda ta yi shahada a Musulunci. Rabi'atu ma'anarsa ta huɗu, kuma mai sunan ita ce Rabi'atul Adawiyya ta Basra, waliyiya, wadda ta bauta wa Allah don ƙaunarsa, ta rasu wajen shekara ta 185. Nafisatu mai daraja ce, sunan jikar gidan Sayyidina Hasan, wadda ta zauna Misira ta rasu can shekara ta 208. Allah shi yarda da su baki ɗaya, shi ba mu albarkacinsu.

Fasali na uku, cikin daɗewar waɗannan sunaye a ƙasarmu

Littafin tarihin sarakunan Kano yana da wata fa'ida, in ya ambaci sarki sai ya ambaci sunan mahaifiyarsa. Sarakunan farko, iyayensu mata sunayen gargajiya gare su, irin Kaunasu da Saju da Munsada. Da Wangarawa suka zo da addini zamanin Sarki Yaji, wanda ya yi sarauta daga 1349 zuwa 1385 na lissafin Miladiyya, sai sunaye suka fara juyawa sannu a hankali. Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, mahaifiyarsa Faɗimatu ce, matarsa kuma Hauwa, uwar Sarki Abdullahi. Ka ga ke nan fiye da shekara 500 ana kiran waɗannan sunaye a ƙasar Kano.

Mu mutanen Gaya muna da rabo a cikin wannan. Sarkin Kano Muhammadu Sharefa, wanda ya yi sarauta daga 1703 zuwa 1731, mahaifiyarsa Mariyama mutuniyar Gaya ce, kuma littafin ya ce a zamaninsa Gayawa suka sami ƙarfi a birni. Wadda ake kira Mairo a Gaya yau, ta san sunanta ya daɗe a garin.

Sa'an nan dubi gidan Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Allah shi jiƙansa. Mahaifiyarsa Hauwa'u, 'ya'yansa mata akwai Hadiza da Faɗimatu da Hafsatu da Safiya da Maryamu da Asma'u. Nana Asma'u an haife ta shekara ta 1793, ta rasu 1864. 'Yar tagwaye ce, ɗan'uwanta Hasan, amma Shehu bai bi al'adar sunan tagwaye a kanta ba, ya zaɓa mata sunan 'yar Abubakar. Ta tashi malama, tana waƙa da Larabci da Fillanci da Hausa, ta kafa 'Yan Taru, tana naɗa jajis suna kai wa matan ƙauyuka karatu. Tana da waƙar tawassuli da mata masu albarka, inda ta jera matan Annabi da 'ya'yansa da waliyai mata, don matan ƙasar nan su san su. Ƙanwarta Maryamu ta auri Sarkin Kano Ibrahim Dabo, wanda ya yi sarauta daga 1819 zuwa 1846, daga baya ta koma Sakkwato ta ci gaba da aikin yayarta. Abin lura a nan, Shehu ya raɗa suna, sa'an nan ya karantar da masu sunan har suka yi kama da waɗanda aka yi musu takwara da su.

Fasali na huɗu, cikin sunan rana da laƙabi da alkunya

Bahaushe yana da sunan yanka, yana da wasu sunaye a gefensa. Akwai sunan rana: Ladi ga Lahadi, Altine da Tani ga Litinin, Talatu ga Talata, Larai da Balaraba ga Laraba, Lami ga Alhamis, Jummai ga Juma'a, Asabe ga Asabar. Akwai na lokaci da hali: Azumi wadda aka haifa cikin Ramalana, Marka wadda ta zo tsakiyar ruwan damina, Kande da Delu waɗanda suka biyo bayan maza, Hasana da Husaina tagwaye, Gambo mai bin tagwaye, Auta ta ƙarshe, Talle wadda ta tashi da maraici. Waɗannan babu laifi cikinsu, labarin haihuwa ne aka ɗaure cikin kalma guda.

Akwai kuma alkunya. In aka yi wa yarinya takwara da kakarta, uwa ba ta iya kiran sunan surukarta, uba ba ya iya kiran sunan mahaifiyarsa gatsau. Sai a ce Ummi, ko Mama, ko Inna, ko Uwani, ko Hajiya. Haka 'yar fari, uwa takan ɓoye sunanta don kunya. Wannan ladabi ne mai kyau, kunya kuwa yanki ce ta imani.

Abin da nake tsoratarwa a kansa shi ne sunayen wabi. Matar da 'ya'yanta suke mutuwa, sai a ce wa jaririyarta Ajuji ko Ayashe, wai a nuna ba a damu da ita ba, don mutuwa ko iska su ƙyale ta. Ya 'yan'uwa, ajali ba ya ruɗuwa da suna. Wanda ya ƙudurta cewa mummunan suna yana tunkuɗe mutuwa, ya gyara tauhidinsa. Kuma sau da yawa abin da ake kira wabi ciwo ne da likitoci suka sani, kamar amosanin jini da ake gada daga uwa da uba. A yi addu'a, a nemi magani, a ba yarinya suna mai kyau. Kada ta girma tana amsa sunan juji alhali ita kyautar Allah ce.

Fasali na biyar, cikin sababbin sunaye da kiyaye harafi

A wannan zamani sunaye sun shigo ta rediyo da fina-finai da wayar hannu da masu dawowa daga Makka. Ana jin Ilham da Iman da Amal da Hanan da Afnan da Ihsan. Ban hana sabon suna ba, shari'a ba ta hana ba, muddin ma'anarsa mai kyau ce. Ilham abin da Allah ya kimsa a zuciya, Amal fata, Hanan tausayi, Afnan rassan itace. Amma a tambaya kafin a raɗa. Ba kowace kalma da ke cikin mus'hafi ce ta dace da suna ba, domin a cikinsa akwai sunan wuta da na Fir'auna da haruffan da ba su tsaya da kansu. Misali, ana kiran yara Minal. In Manalu ake nufi, ma'anarsa abin da aka nema aka samu, ya yi kyau. In kuwa minal ɗin da ake ji cikin karatu ne, to wannan ba ya nufin komai sai "daga". Daɗin sauti a kunne bai isa hujja ba.

Tanbihi. Harafi guda yana juya suna. Asiya da alif mai madda da sin, ita ce matar Fir'auna, mumina, ɗaya daga matan da suka cika. Amma da aini da sodi, ma'anarsa mai saɓo. Cikin Sahihu Muslim an kawo cewa wata 'yar Sayyidina Umar tana da wannan suna na biyu, Annabi ya mayar da shi Jamilatu. Haka Amina: in alif ne mai madda, babu ya bayan mim, ita ce mahaifiyar Annabi, mai aminci daga tsoro. In da ya bayan mim, ma'anarsa amintacciya mai riƙon amana. Duka biyu suna da kyau, amma uba ya san wadda ya nufa, malami kuma ya rubuta daidai.

Kuma Annabi ya canza sunan Barratu, wato mai yawan nagarta, saboda akwai yabon kai a ciki, ya mayar da shi Zainabu ga wata, Juwairiyya ga wata. Daga nan muka fahimci cewa canza suna halal ne in ma'anarsa ta munana, ko da mai shi ta girma, kuma ba sai an sake yanka ba. Wanda yake son sunan bauta ga 'yarsa, kamar yadda ake cewa Abdullahi ga namiji, to ga Amatullahi da Amaturrahmani, wato baiwar Allah.

Fasali na shida, cikin tsare sunan yanka

Ga inda amana ta fi tozarta. Ana raɗa suna da safe, maroƙi ya ɗaga murya ya faɗa, a shafa fatiha, a raba goro. Kafin wanzami ya gama aski, mata a cikin gida sun sa wani, shi ke nan na yanka ya kwanta. Na sha tambayar yarinya mai shekara 10 sunanta na yanka, ta ce sai ta tambayo a gida. Wata ta sani, amma in ka ce wace ce Hafsatu, ko me Sumayya ta yi, sai ta sunkuyar da kai. Laifin ba nata ba ne.

Wannan sakaci yana da cutarwa har a sha'anin duniya. Takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya ta ce Faɗimatu, rajistar makaranta ta ce Binta, katin ɗan ƙasa ya ce Zara. Tun shekara ta 2021 hukumar jarrabawar shiga jami'a, JAMB, ta wajabta lambar NIN ga mai yin rajista, kuma fasfo na tafiya Hajji shi ma da ita ake yinsa. In sunaye suka saɓa, sai yarinya ta tsaya, uba ya yi ta zirga-zirga tsakanin ƙauye da birni yana kashe kuɗin da ba shi da su. Maganin wannan sauƙi gare shi. Ranar suna a rubuta sunan yanka da sunan uba da ranar haihuwa, da ajami ko da boko, a ajiye. Duk takardar da za a yi mata, wannan za a bi harafi da harafi. Alkunya ta zauna a tsakar gida, nan ne wurinta.

Kuma a bar mata sunan ubanta ko bayan aure. Allah ya yi umarni cikin Suratul Ahzabi a riƙa danganta 'ya'ya ga ubanninsu. Iyayen muminai sun auri mafificin halitta, duk da haka A'isha 'yar Abubakar ake cewa, Hafsatu 'yar Umar, Safiya 'yar Huyayyu.

Cikawa

Ya kai uba, in matarka ta yi nauyi, ka fara tunanin suna tun kafin ta sauka, ka shawarce ta, domin ita ta ɗauki wahala. In za ka yi takwara da mahaifiyarka ko tata, ka yi, sada zumunci ne. In sabon suna ne, kai shi wurin malamin da ya san lugga ya duba maka. Ya ke uwa, in yarinya ta fara wayo, ki zaunar da ita ki ba ta labarin mai sunanta, dare ɗaya a bakin murhu ya isa farawa. Ya kai malamin allo, ka rubuta wa kowace almajira cikakken sunanta a gindin allonta, ka gaya mata ma'anarsa. Albarkar suna tana sauka ne a kan wadda ta bi sawun mai shi: Hadiza ta koyi kyauta, A'isha ta nemi ilmi, Faɗimatu ta riƙe kunya da haƙuri, Hafsatu ta tsare Alƙur'ani, Rabi ta tashi da dare. An ruwaito cikin Sunan na Abu Dawuda cewa ranar ƙiyama da sunayenmu da na ubanninmu za a kira mu. To, kowa ya zaɓa wa 'yarsa abin da ba zai ji kunya ba in an kira ta da shi a wannan taro.

Ya Allah, ka raya mana 'ya'yanmu mata bisa Musulunci, ka sanya su mahaddata, masu kamun kai, ka ba su mazaje na gari, ka jiƙan iyayenmu mata da kakanninmu waɗanda muke maimaita sunayensu, ka tashe mu tare da mutanen gidan Annabinka. Wanda ya karanta wannan takarda ya karanta wa wanda bai iya ba, kuma ya sa mai rubutu cikin addu'a. Allah shi ne mafi sani. Ta cika da godiyar Allah da kyakkyawan taimakonsa, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa. Amin.